Gida Mai Lamba Arba'in da Bakwai

Ranar da Sailuba ta fara ganin Yahaya, takalminta ɗaya yana hannunta, ɗayan kuma taɓon ƙauyen Iku ya riƙe ya ƙi saki. Watan Yuli ne, an kwana biyu ana ruwa, ita kuwa baiwar Allah ta fito aikin bincike da takalmi mai tsini kamar wadda aka gayyata walima.

Wani dogon saurayi mai wushirya ya jingine fartanyarsa, ya tsuguna ya zaro takalmin, ya ɗauraye shi da ruwan gorarsa, ya ajiye a gabanta.

"Malama, nan fa ba Maitama ba ce."

"Na lura," ta ce tana harararsa, dariya na neman ƙwace mata. "Gidan Malam Haruna nake nema."

"Kin samu ɗansa. Laifin me muka yi?"

Ba su yi laifin komai ba. Sailuba ɗalibar digiri na biyu ce a fannin ƙididdiga a wata jami'a a Abuja, kuma tambaya ɗaya take yawo da ita gida-gida: shin gidan da aka haifi mutum yana faɗin abin da zai riƙa samu idan ya girma? Gida ɗari biyu ta ɗibar wa kanta, rabi na ma'aikata da 'yan kasuwar cikin Suleja, rabi na manoman Iku da Zuma da ƙauyukan Tafa. Fom ɗin gajere ne: sana'ar mahaifinka, iyakar karatunka, sai nawa kake samu a wata.

Fom na ɗaya mahaifinta ta ba wa don gwaji. Alhaji Mu'azu mutumin Kano ne, mataimakin darakta a wata ma'aikata a Abuja, shekara goma sha ɗaya yana haya a Suleja yana sammakon ofis. Ya cike ko'ina da kyakkyawan rubutunsa, sai layin sana'ar mahaifi ya bari fayau. Da ta nuna masa, cewa ya yi, "Wanda ya rasu addu'a yake buƙata, ba fom ba." Ta cusa takardar a ƙasan jaka ta manta da ita.

Na Yahaya shi ne na arba'in da bakwai. A zauren gidansu suka zauna, mahaifiyarsa Inna Jummai ta kawo wa baƙuwa gasasshiyar masara. Ya ce mahaifinsa manomi ne, shi ma manomi ne, sai dai yana da difloma a aikin gona. Da ta zo tambaya ta ƙarshe bai amsa nan take ba. Ya ciro waya ya ɗan daddanna tukuna.

"Dubu ɗari uku da hamsin," ya ce.

Biro ya tsaya a hannunta. Tun safe abin da manoma ke gaya mata bai wuce dubu takwas, dubu goma sha biyu ba, wani ma ya ce a rubuta babu. A ranta ta ce ashe samarin ƙauye ma sun iya cika baki a gaban 'yan mata. Ta dai rubuta. Ba ta tambaye shi abin da ya danna a wayar ba, da ta tambaya kuwa da ta hutar da kanta kukan wata guda.

Da ta miƙe ya ce, "In kin ga kuskure a fom ɗina, ta yaya za ki neme ni?"

"Ai ka rubuta lambar wayarka."

"To ni in na tuna kuskuren fa?"

Ta karanto masa tata tana kallon wani wajen.

Ko gida ba ta kai ba saƙo ya shigo: "Malama mai takalmi, na tuna kuskuren. Ban tambayi sunanki ba."

Ta amsa: "Sailuba. Kai kuma na riga na sa maka suna a wayata. 47."

"Allah ya sa wa sunan albarka. Duk duniya ke kaɗai na yarda ki kira ni da lamba."

Kafin damina ta raba, Yahaya ya san hanyar gidan su Sailuba fiye da hanyar gonarsa. Laraba da Juma'a bayan La'asar yake zuwa, su zauna a dakalin ƙofar gida. Mahaifiyarta Hajiya Mansura ta sani, har zoɓo take aiko masa. Abba kuwa cunkoson hanyar Abuja ke riƙe shi, bai san wainar da ake toyawa ba.

Wata Laraba Yahaya ya zo da dafaffiyar gyaɗa ya ce, "Wai Sailu, me kike yi da amsoshin nan namu?"

Ta watsa gyaɗar a faranti. "Kowace ƙwaya gida ɗaya ce. Daga hagu zuwa dama, matsayin gidan da aka haife ka: 'ya'yan manoma da lebura a nan, 'ya'yan manyan ma'aikata a can. Daga ƙasa zuwa sama kuma, abin da mutum ke samu. Sai kwamfuta ta ja layi ɗaya wanda ya fi ratsa tsakiyarsu." Ta ɗora tsinken tsintsiya a kai. "Shi ake kira rigireshan. In layin ya kwanta, gida ba ya hana kowa komai. In ya miƙe sama, to ɗan mai shi ne ke samu."

Ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya kai ta can sama ta hagu, ita kaɗai. "Wannan fa?"

"Wannan fitinanniya ce. Ta bar 'yan'uwanta tana jan layi inda bai kamata ba. Wani lokaci cire ta ake yi."

Ya ɗauke ta ya jefa a baki. "Gara in cinye ta da a zubar da baiwar Allah."

Ta yi dariya har da riƙe ciki. Ranar ce ya fara ce mata yana son ya turo magabatansa, ita kuma ta rufe fuska da mayafi ta ce sai ta gama difens, wato zaman kare bincike a gaban malamai.

Akwai kuma Khamis. Ɗan abokin Abba ne, yana aikin alƙaluma a wata ƙungiya a Abuja, ga mota ga turare. Shekara biyu yana sintiri da sunan taimaka mata da kwamfuta, alhali ko kyanwar gidan ta san abin da ke kawo shi. A watan Oktoba suka zuba amsoshin a laftof, layi ya fito a miƙe kamar tsani. Ɗigo ɗaya ne kawai ya yi tsalle can sama ta hagu.

"Wannan na wane ne?" Khamis ya tambaya.

"Arba'in da bakwai," ta ce, muryarta kuwa ta tona mata asiri.

Ya dube ta, ya dubi ɗigon. "Manomi a Iku, three-fifty a wata? Haba Sailuba. Ko dai ya yi kuskure ko ya yi miki ƙarya. Ki cire shi, in ba haka ba su cinye ki ɗanya ranar difens."

 Gaskiyar magana, tana son Yahaya har cikin ranta, amma tun ranar farko ba ta yarda da adadin nan ba. Khamis ya jawo laftof ya rubuta a ƙasan shafi cewa an cire gida mai lamba 47 domin amsarsa ba abin dogaro ba ce. Ta karanta, ta bar shi. Wannan kam laifinta ne, ba na Khamis kaɗai ba.

Farkon Nuwamba Umma ta sanar da Abba maganar Yahaya. Cewa kawai ya yi a turo masa yaron ranar Asabar da hantsi. Abin da ba su sani ba shi ne Khamis ya riga ya buga shafin nan ya kai wa Abba har ofis, ya ja jan layi a inda yake so a gani.

Yahaya ya zo cikin farar shadda, ya zauna a ƙasa. Sailuba na bayan labule, tana saurare.

"Na bincika, ban ji wani abin ƙi a halinka ba," Abba ya ce. "Amma ni ma'aikaci ne, da takarda nake aiki. Wannan binciken 'yata ne, ba nawa ba. Ka ga inda ɗan manomi yake? Dubu goma sha huɗu a wata. Kuɗin datar wayarta ya fi haka."

"Ranka ya daɗe, ni na gaya mata abin da nake samu."

"Na sani. Karanta nan ƙasa."

Yahaya ya karanta. Ya sake karantawa. Sannan ya ajiye takardar da hannu biyu, ya ce, "Na gode, Abba. Allah ya ƙara girma." Ya sa takalminsa ya fita, ko waiwayen labulen bai yi ba.

Abba ya kira ta. "Ba zan yi miki dole a kan Khamis ko wani ba. Amma ba zan karɓi gaisuwar wannan yaron ba. Kin san ƙarshen shekara zan yi ritaya. Ranar ashirin da takwas ga Disamba mota za ta zo ɗaukar kaya, tare za mu koma Kano."

Ta shiga ɗaki tana kiran waya, ba a ɗauka. Ta rubuta: "Yahayana, don girman Allah ka saurare ni. Ba ni na kai masa ba."

Shiru. Washegari ta sake: "Na yi kuskure, na sani. Ka zage ni ma na yarda, amma kada ka yi min shiru."

Sai a rana ta uku amsa ta zo, guda ɗaya tal: "Da talaka kika ce min, da ban ji komai ba, ba a kanki aka fara ba. Maƙaryaci kika rubuta, kuma da sunan da kike kirana da shi."

Daga nan wayarsa ta daina shiga. Sailuba ta daina cin abinci sai ruwan shayi, ta rame, idanu suka faɗa. Umma kuma ta fara naɗe kofuna a tsohuwar jarida tana jerawa a kwali, kowane kwali aka ɗaure sai yarinyar ta ji kamar a ƙirjinta aka ja igiyar. In ta bar Suleja a haka, ta san ita da Yahaya sai dai a labari.

A rana ta tara Umma ta tsaya a kanta. "Tashi ki wanke fuska ki je ki gaida Inna Jummai. Ba wurinsa na aike ki ba. Matar nan ta karrama ki, ba a rabuwa da mutane haka."

Iku ta canza mata. Taɓo ya bushe, ko'ina doya ce a tsibe, ga wata babbar mota a ƙofar maƙwabta ana loda mata. Yahaya yana gona. Inna ta amsa gaisuwarta ba yabo ba fallasa, ta shimfiɗa mata tabarma a inda suke hango motar.

"Ta ƙanena Idris ce," Inna ta ce, don dai kada shirun ya yi yawa. "Ƙwarya goma sha biyu zai kai kasuwa. Kin san ƙwarya? Doya ɗari ke nan."

Sailuba ta san sunan. Fom na hamsin da biyu. "Inna, ai ce min ya yi dubu takwas yake samu a wata."

"Yaushe kika tambaye shi?"

"Watan Yuli."

"To ai gaskiya ya gaya miki. Kaji biyu ya sayar a watan nan. 'Yar nan, mu wa ke biyan mu a ƙarshen wata? Lokacin doya na ƙasa, masara ba ta bushe ba. Sau ɗaya, in an yi sa'a sau biyu a shekara muke ganin kuɗi. Kin ce a wata, suka gaya miki na watan."

 "Shi Yahaya fa?"

"Shi da ya yi boko ya gane abin da kike nema. Na shekara ya haɗa ya raba gida goma sha biyu. Ranar har dariya yake yana ba ni labari."

 Ita 'yar mai albashi, wadda ta tashi tana jin ana cewa wata ya yi nisa, wata ya ƙare, ta ɗauki tambayar 'yan albashi ta kai wa mutanen da shekara ce ke biyan su. Gida casa'in da tara sun amsa wata tambaya daban. Mutum ɗaya ne ya ba ta amsar da take nema, shi ne kuma ta goge. Ta kifa kai a cinyar Inna ta fashe da kuka, tsohuwar ta ƙyale ta har ta yi mai isarta.

Washegari da safe tana ofishin Dakta Funmi, malamar da ke duba aikinta. Saura kwana takwas difens.

"You wan kill me, Sailuba?" Dakta ta cire tabarau. "Da kin yi shiru babu wanda zai gane, har distinction, sakamako mafi girma, za ki samu. Amma tunda kin faɗa min, ba zan sa hannu a kan wannan ba. Akwai zama na biyu ranar sha takwas ga Disamba. In kin rasa shi, sai baɗi. Gida ɗari, sati uku. Za ki iya?"

"Ban sani ba, Ma. Amma zan yi."

Tana fitowa Khamis ya kira. "Kin san abin da kike yi kuwa? Aiki ya yi kyau haka ki rusa shi saboda wani manomi?"

"Ya yi kyau, amma ba gaskiya ba ne. Takardar da ka kai wa Abba kuma ba taka ba ce, Khamis. Na gode da taimakon da ka yi a baya." Ta kashe wayar, ƙafarsa kuma ba ta sake taka gidan ba.

Faɗa da baki ya fi aikin sauƙi. Lokacin girbi ne, maza duk suna gona tun asuba. Waɗanda ta samu kuwa, da ta ce nawa kuka samu a shekara, sai su yi murmushi su ce alhamdulillahi. Wa zai buɗe wa baƙuwa mai biro cikin rumbunsa? Kwana uku tana yawo a rana, gida bakwai ta samu.

A rana ta huɗu da azahar ƙafafunta suka ƙi. Ta zauna a bencin wata mai sayar da lemo a bakin titin Zuma, manyan motoci na wucewa suna watsa mata iska, dutsen Zuma na tsaye a bayanta. Ta ciro waya, ko zai shiga ko ba zai shiga ba, ta rubuta:

"47, ba don ka yafe min nake rubuto maka ba. Na gano kai kaɗai ka ba ni amsa daidai. Na janye aikin, ina sake shi, amma gida bakwai na samu a kwana uku, ba sa gaya min. In ban gama ba, abin da na rubuta a kanka da mutanenka shi zai zauna, ni kuma in tafi Kano da shi a wuyana. Ina bakin titi a Zuma. Ban san inda zan nufa ba."

Ta ga alamar ya shiga. Ta ga an karanta. Amsa ba ta zo ba. Mai lemo ta yanka mata ɗaya kyauta, ta riƙe shi a hannu ta kasa sha.

Wajen minti arba'in sai ga wata keke napep ta aro ta tsaya a gabanta. Yahaya ne ke tuƙi, da ƙasar gona har gwiwa. Inna Jummai na baya ta hakimce da kwanon abinci a cinya.

"Inna ce ta matsa," ya ce, idonsa a kan titi.

"Ƙarya yake," in ji Inna. "Daga kan tukunya ya fige ni, ko ɗankwalin kirki ban ɗaura ba."

Sailuba ta matso. "Yahaya, ban yarda da kai ba tun ranar farko, kuma na ji kunyar tambayarka. Ba ni da wata hujja. Ka yafe min."

 Da ya juyo ya ga yadda ta koma, sai fuskarsa ta saki. "Haka kika rame? Shiga, Sailu. In kika faɗi a nan me zan gaya wa Umma?"

"Ka yafe?"

"Tun a saƙo na biyu. Zuciya ce ta hana ni faɗa."

Daga ranar aiki ya canza. Yahaya ya ce ta daina tambayar nawa, ta riƙa tambayar ƙwarya nawa, buhu nawa, shi zai gaya mata farashin kasuwa. Shi yake bin maza har gona, Inna kuma ta shige cikin gida da sallama, ta tambayi lafiyar jikoki, kafin a ankara mata sun lissafa har awakin da aka sayar da Sallah. Daga Iku zuwa Zuma zuwa Tafa, a kwana goma sha bakwai suka gama.

A zauren da suka fara zama ta buɗe laftof wata yamma. Ta mayar da arba'in da bakwai mazauninsa, ta yi bisimilla ta danna. Ɗigogin manoma suka ɗago sama, layin ya sauko sosai. A da gidan da aka haifi mutum yana bayanin kashi sittin da ɗaya cikin ɗari na bambancin samu, yanzu ya koma goma sha tara. Amma layin bai kwanta ba. Har yanzu ya karkata.

Hawaye suka zubo mata. "Bai kwanta ba, Yahaya. Abba zai ce ga shi nan, ɗan manomi dai yana ƙasa. Duk wahalar nan a banza."

"So kike ya yi miki ƙarya karo na biyu?" ya ce a hankali. "Gaskiya ya faɗa. Abokaina nawa suka bar makaranta don babu? Ki bar shi yadda yake, masoyiya. Ki kai masa gaskiyar, abin da Allah ya rubuta shi zai faru."

Ta kare aikinta ranar sha takwas, malamai suka yaba, Dakta Funmi har da rungume ta. Sailuba dai ba ta ji daɗin komai ba, don saura kwana goma mota ta zo.

Ranar Lahadi bayan La'asar ta samu Abba a falo, kujera ɗaya ce ta rage ba a ɗaure ba. Ta durƙusa ta ajiye laftof a gabansa, ta ba shi labarin kuskurenta tun daga farko, ba ta rage komai ba.

Ya gyara tabarau ya duba. "To, na ji. Yaron bai yi ƙarya ba, na ɗauki alhakinsa. Amma layin naki har yanzu ya karkata."

"Ya karkata, Abba. Amma na gida ɗari biyu ne a haɗe. Ba ya faɗin abin da mutum ɗaya zai zama."

"Doya tana yin kyau bana, ta ƙi baɗi. Ba zan yi caca da rayuwarki ba, Sailuba."

Ta ciro wata takarda da ta yamutse a ƙasan jaka. Ita kanta ba ta san abin da take nema a ciki ba, abin da ya rage mata ke nan. "Saura gida ɗaya ban taɓa sakawa ba, Abba. Fom na ɗaya. Kwamfuta ba ta karɓar wanda ya bar gurbi."

Ya sha kunu. "Na gaya miki wannan maganar ta wuce."

Umma na bakin ƙofa da kofi a hannu, rabinsa a naɗe cikin jarida. Ba ta saba sa baki in yana magana ba, amma yau ta sa.

"Alhaji, ka cike mata. In ba za ka iya ba ni zan iya, don ban manta wanda yake kawo mana ruwa gidanmu a Fagge ba, garwa biyu da sanda a kafaɗa. Ban kuma manta ranar da ɗansa ya zo neman aurena ba, kawunnaina suka ce ina aka taɓa yi. Baba ya ce shi yaron yake gani, ba garwar ba."

 Sailuba ta dubi mahaifinta, shekararta ashirin da shida ba ta taɓa jin wannan ba. Abba ya daɗe yana kallon takardar. Sannan ya zaro biro daga aljihun gaba, ya rubuta da kyakkyawan rubutun nan nasa: Mai ga-ruwa.

"Saka," ya ce.

Ta saka. Wani sabon ɗigo ya fito can sama ta hagu, nesa da layi, inda kwamfuta ba ta zaci kowa ba.

"Ni ne wannan?"

"Kai ne, Abba."

Ya matso da fuskarsa. Ya ɗora yatsa a kan wani ɗigon da ke dab da nasa, har suna neman taɓa juna. "Wannan na kusa da ni fa, na wane ne?"

"Arba'in da bakwai."

Abba ya cire tabarau ya goge idonsa da gefen hannun riga. "Shekara talatin ina gudun kada 'ya'yana su koma inda na fito," ya ce, "har na zo ina jin kunyar mutumin da kafaɗarsa ta yi kanta don in yi karatu. Allah ya ji ƙan Malam, ya yafe min." Ya dubi Umma, ya dubi 'yarsa. "Ki gaya masa ya turo magabatansa ranar Asabar. Mai mota ya jira."

Ta fita tsakar gida da gudu, yatsunta na kuskuren haruffa: "Abba ya ce Asabar. Yahayana, Asabar."

Amsa ta zo kafin ta sauke wayar: "Ina tsakiyar gona na yi sujada, Kawu Idris ya zaci faɗuwa na yi. Alhamdulillahi, amaryata."

Juma'ar biyu ga watan Janairu aka ɗaura aure a ƙofar gidan hayar nan, mutanen Kano da na Iku suka cika layin har bakin titi. Inna Jummai ta aiko da ƙwarya guda ta doya ta ce a sa a motar Kano, kada a ce surukai sun tafi hannu biyu.

Da za a kai amarya, Abba ya sa aka kira masa ango. Yahaya ya zo zai zauna a ƙasa, Abba ya kamo hannunsa ya zaunar da shi kusa da shi a kan tabarma.

"Nan ne wurinka, takarda ma ta nuna," ya ce. "Ga Sailuba nan, amana. Allah ya yi muku albarka, ya sa albarka a gonarku, ya ba ku 'ya'yan da ba za su ji kunyar faɗin sana'ar ubansu ba."

Duka gidan aka amsa da amin. A ƙarƙashin mayafi Sailuba na kuka tana murmushi, ta amsa tata amin ɗin a hankali.